Sukar da ke zuwar min a ido sau talatin a wuni: jifa ce ko jijiya?

Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce a nan Jos, shekarata 37, 'ya'yana huɗu, sana'ata ɗinki. Wata takwas ke nan wani ciwo ya sa ni a gaba. Ina zaune lafiya ƙalau sai in ji kamar an soka min tsinke mai wuta a gefen idona na dama, ya haura gira har goshi. Wani lokaci kafin in ce wayyo ya wuce, wani lokaci ya yi ta sukata kamar ba zai daina ba. Idon ya yi jawur, hawaye na zuba ta wannan ɓarin kaɗai, hancina ya toshe. A wuni ya kan zo fiye da sau talatin. Alwala na tayar da shi, asuwaki ma haka, iskar Keke Napep kuwa ba a magana. An cire min haƙori biyu, bai daina ba. Wani likita ya ce ciwon ɓarin kai ne. Wani ya ce jijiyar fuska ce, ya ba ni karbamazefin, na sha mako biyu, jiri ya dame ni, sauƙin kuma kaɗan ne, sai na ajiye. Yanzu haɗin kemis nake sha kullum.

Ciwon ya fara ne wata uku bayan maigidana ya ƙara aure. Mama da yayyena sun ce jifa ce, kuma sun san wadda ta yi. An yi min ruƙiyya, an yi hayaƙi, na sha rubutu. Uwar mijina kuma ta ce kishi ne ke cina. Maigida ya kashe kuɗi sosai, amma yanzu da na dafe ido sai ya tashi ya fita. Ni da amarya ko gaisuwa ba ma yi. Akwai daren da na roƙi Allah ya ɗauki raina in huta. Likita, ƙari ne a ƙwaƙwalwata? In koma gida a yi min magani kamar yadda Mama ta ce, ko yaya zan yi?

Wata baiwar Allah, Jos

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu, Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne.

Na yarda da ke. Da wannan zan fara, domin na lura a wasiƙarki kowa ya faɗi abin da yake ganin yana damunki, amma ba ki ambaci mutum ɗaya da ya ce miki ya yarda ciwon na da tsanani kamar yadda kike faɗa ba. Irin sukar da kika siffanta tana cikin mafi zafin ciwon da likitanci ya sani, kuma kishi ba ya sa ido ɗaya ya yi ja ya zubar da hawaye alhali ɗan'uwansa na nan fari tas. Wannan aikin jijiya ne, kuma likitoci sun san dangin cututtukan da ke yin haka.

Maganar daren nan da kika roƙi mutuwa ba zan tsallake ta ba. Masu irin wannan ciwo da yawa sun kai inda kika kai, don azaba da rashin barci da rashin mai saurare suna gajiyar da zuciya. Amma in tunanin ya dawo, musamman in ya wuce roƙo ya fara zama shirin cutar da kanki, kada ki kwana da shi ke kaɗai. Ki faɗa wa wanda kika fi amincewa da shi a daren, ki je asibiti, kuma ki faɗa wa likita da bakinki kamar yadda kika faɗa min. Ba abin kunya ba ne, yana cikin abin da ake dubawa a yi magani.

Ba zan iya sa wa ciwonki suna ta wasiƙa ba, sai an gan ki an duba. Abin da zan iya shi ne in nuna miki yadda ake rarrabe su, don in kin zauna gaban likita ki ba shi abin da zai yi aiki da shi. Waɗannan cututtuka ba a gane su da gwajin jini. Labarin mara lafiya ne ke fayyace su, kuma a cikin labarin abin da ya fi nauyi shi ne tsawon lokacin da suka ɗaya ke ɗauka. A nan ne wasiƙarki ta bar giɓi: kin ce wani lokaci kafin ki ce wayyo, wani lokaci kamar ba zai daina ba. Mai jin zafi ba ya iya ƙiyasta lokaci, daƙiƙa arba'in sai ta zame masa kamar minti goma. Bambancin daƙiƙa arba'in da minti goma kuwa shi ne bambancin magani da magani.

A fuskar mutum akwai wata babbar jijiya ta kowane ɓari mai rassa uku, wadda ke kai saƙon taɓawa da zafi zuwa ƙwaƙwalwa. Reshe na sama ya ɗauki goshi da gira da ido, na tsakiya ya ɗauki kunci da leɓen sama da haƙoran sama, na ƙasa ya ɗauki haɓa da muƙamuƙi da haƙoran ƙasa. Ciwon da likita na biyu ya zata, wato ciwon jijiyar fuska da suke kira tirajeminal nuraljiya, ya fi kama reshe na tsakiya da na ƙasa. Yana zuwa kamar wutar lantarki ta ja mutum, daga ƙasa da daƙiƙa ɗaya zuwa minti biyu, kuma taɓawa mara nauyi ce ke kunna shi: wanke fuska, tauna, magana, goge baki, iska. Shi ya sa masu shi kan fara da likitan haƙori, kuma da yawa sun rasa lafiyayyun haƙora kafin a gano. Ya fi kama waɗanda suka haura hamsin, mata sun fi maza. Ba kasafai yake tsayawa a ido da goshi kaɗai ba, kuma ko ya kawo hawaye, kaɗan ne. Yana da wata alama mai amfani: bayan suka ta wuce, akwai ɗan lokacin da ko an taɓa wurin ba zai tashi ba, kamar jijiyar ta gaji tana hutawa. Maganinsa na farko shi ne karbamazefin ɗin da aka ba ki, kuma yawancin masu shi suna samun sauƙi bayyananne da shi. Saboda haka likitan bai yi wauta ba. Alwala da asuwaki da iska duk sun nuna masa can.

Sai dai akwai wani ciwo da ke kama da shi ƙwarai, wanda likita zai iya shekaru yana aiki bai gamu da shi ba. Sunansa a taƙaice SUNCT, haruffan farko ne na kalmomin da ke siffanta shi: gajeren ciwon kai na ɓari ɗaya mai kama da sukar jijiya, tare da jan ido da hawaye. Wani likita ɗan ƙasar Norway, Ottar Sjaastad, da abokan aikinsa ne suka fito da shi fili a 1989. A ƙa'idar rarraba ciwon kai ta duniya, bugu na uku da ya fito a 2018, sukarsa na ɗaukar daƙiƙa 1 zuwa 600, wato ba ta wuce minti goma. Mazauninsa shi ne ido da gira da gefen goshi. Jan idon da hawayen suna fitowa sosai, har wanda ke zaune kusa ya gani, sau da yawa da toshewar hanci ko majina ko faɗuwar fatar ido ta wannan ɓarin. Taɓawa na kunna shi kamar wancan, amma shi ba ya ba da hutu: suka ta wuce, ki sake taɓa gira, wata ta biyo nan take. In ɗaya kawai daga jan ido da hawaye ke zuwa, ko babu ko ɗaya sai toshewar hanci da makamantanta, sai a kira shi SUNA, amma gida ɗaya ne.

Ga inda ya kan ruɗar da mutane. Sukar ba kullum take zuwa ɗaya tilo ba. Wani lokaci takan zo a jere, ɗaya bayan ɗaya kamar haƙoran zarto, zafin bai gama sauka ba wata ta hau. Mara lafiya sai ya ce ciwon ya yi minti ashirin, alhali gajeru ne guda talatin suka haɗu. Ina zargin wannan ne kike nufi da "kamar ba zai daina ba". A gaskiya abin da kika rubuta, wurin da yake, jan idon, yawan zuwansa, da ƙarancin sauƙin da karbamazefin ya ba ki, ya fi karkata zuwa nan a ganina. Amma karkata ce kawai. Mako biyu da magani, a kan adadin da wataƙila ba a kai ga ƙarawa ba, bai isa a ce ya gaza ba. Maganin da aka fi farawa da shi a SUNCT wani ne daban, lamotirijin.

Na uku shi ne wanda ba na so a tsallake, domin a cikinsu duka shi ne mai magani kamar yankan wuƙa. Sunansa faroksizimal hemikireniya, Sjaastad ɗin nan da abokin aikinsa Dale suka bayyana shi a 1974. Shi ma ɓari ɗaya ne, da jan ido da hawaye, amma yana ɗaukar minti 2 zuwa 30, fiye da sau biyar a wuni, kuma taɓa fata ba ta cika kunna shi ba. Abin da ya keɓance shi: maganin indometasin na ɗauke shi ɗungurungum, har ma wannan ɗaukewar tana cikin sharuɗɗan tabbatar da shi. A kan SUNCT kuwa indometasin ba ya yin komai. Saboda haka likitocin jijiya kan gwada shi ga mai gajeren ciwon ɓari ɗaya da ke da shakka, su fara da kaɗan su riƙa ƙarawa cikin kwanaki, wani lokaci har miligiram 150 a wuni ko fiye. In ciwon ya ɓace an samu suna da magani lokaci guda, in bai ɓace ba an rufe ƙofa ɗaya.

Na san da kin karanta wannan za ki so ki aika yaro kemis. Don Allah kada ki yi. Indometasin shi ne Indocid ɗin da wasu ke barbaɗa wa ɓera a abinci, kuma abin da yake yi wa cikin ɓera zai iya yi wa cikin mutum in an sha shi ba bisa ƙa'ida ba: gyambon ciki, zubar jini, taɓa ƙoda, ƙara hawan jini. Ba a ba mai juna biyu haka nan, ba a ba mai olsa, kuma ko lafiyayye akan haɗa masa da maganin kare ciki, a ce ya sha bayan ya ci abinci. Ke kuma watanni kina shan haɗin kemis wanda ba mamaki akwai 'yan'uwansa a ciki. Ƙwaya ɗaya ko biyu ba gwaji ba ne, za ki ce bai yi aiki ba alhali ba a gwada ba.

Na huɗu, ciwon kai mai zuwa zango-zango da ake kira kulasta, zan wuce shi da sauri don bai yi kama da naki ba. Yana ɗaukar minti 15 zuwa awa uku, ba ya wuce sau takwas a wuni, ya fi kama maza, ya kan tayar da mutum daga barci a lokaci guda kowane dare na tsawon makonni sannan ya tafi, kuma mai shi ba ya iya zama wuri ɗaya, sai kai-kawo. Iskar oksijin zalla ko allurar sumatiriftan ke kashe shi. Akwai kuma wata suka mai ɗaukar daƙiƙa biyu ko uku, yau nan gobe can a kai, ba jan ido ba hawaye, wadda yawanci ba ta da haɗari. Ciwon ɓarin kai da likita na farko ya faɗa kuwa awa huɗu zuwa kwana uku yake yi, da tashin zuciya da ƙin haske. Naki bai bi wannan hanya ba.

To ga aikin da nake so ki fara gobe da safe. Ki ware littafi, irin wanda kike rubuta awon kwastomomi, na mako biyu. Duk sukar da ta zo a danna agogon waya daga farinta zuwa ƙarshenta. Ke ba za ki iya ba a lokacin, sai ki ɗora babbar 'yarki ko mai taya ki ɗinki. Ba lallai a auna duka talatin ba, biyar ko shida a wuni sun isa, sauran ki ja layi kawai don a san yawansu. A rubuta abin da kike yi sa'ad da ta zo, ko suka ɗaya ce ko jere, ko kin taɓa jin ta a hagu ko da sau ɗaya, ko tana tashinki daga barci, da ko wata kan biyo nan take in ruwa ko hannu ya sake taɓa wurin. Sannan a ɗauki bidiyon fuskarki a wuri mai haske, idanu biyu a ciki, daga farawa har idon ya washe. Sau uku ya wadatar. Gani ya kori ji, kuma ciwon nan ya iya ɓuya daidai lokacin da aka shiga ɗakin likita. Ki tattara duk kwalaye da ledojin magungunan da kika sha, har haɗin kemis ɗin, ki tafi da su.

Wanda kike buƙatar gani shi ne likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Na san a wurinmu da an ce likitan ƙwaƙwalwa sai a ɗauka na taɓin hankali ake nufi, shi ya sa nake fayyacewa: wannan shi ne mai duba farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki da ciwon kai. Irinsu kaɗan ne a ƙasar nan, a manyan asibitoci ake samunsu. Ki nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, in kuma hali ya kai ga Abuja akwai Babban Asibitin Ƙasa da asibitin koyarwa na Gwagwalada. In kin shiga, kada ki fara da "kaina ke ciwo". Ki ce: suka ce a idon dama, tana ɗaukar daƙiƙa kaza, sau kaza a wuni, ido na ja yana hawaye, ga bidiyo. Ba laifi ki tambaye shi cikin ladabi ko yana ganin SUNCT ne, da ko ya dace a gwada indometasin. Likitan kirki ba ya jin haushin mara lafiyar da ta zo da littafi.

Kin tambayi ƙari. Yawancin masu irin wannan ciwo ba su da ƙari, amma ba zan ce miki a bar hoto ba. Duk mai gajeren ciwo na ɓari ɗaya irin naki ya kamata a yi masa hoton ƙwaƙwalwa na MRI sau ɗaya, domin a wasu mutane jijiyar jini ce ke kwance a kan jijiyar fuskar tana gogarta, a wasu kaɗan kuma matsalar na wata 'yar halitta ce kamar ƙwayar wake a gindin ƙwaƙwalwa, fituwitari, mai sarrafa al'ada da ruwan nono. Kumburinta yawanci ba ciwon daji ba ne, wani ma da ƙwaya ake maganinsa. Saboda haka in al'adarki ta rikice ko ta ɗauke, ko nono na zubar da ruwa ba kya shayarwa, ko ganinki na gefe ya ragu, ki faɗa ko ba a tambaye ki ba, za a ƙara da gwajin jini. Ki roƙi likita ya rubuta a takardar hoton cewa a duba jijiyar fuska da fituwitari, don kada ku biya kuɗi a yi hoton da bai kalli inda ake nema ba. Hoton na da tsada, gaskiya ne. In maigida ma'aikaci ne ku bincika inshorar lafiyarsa, in ba haka ba ku tambayi tsarin inshorar lafiya na jihar Filato, PLASCHEMA, abin da yake ɗauka. Kuɗin da ke tafiya a haɗin kemis da hayaƙi wata-wata, in aka tara, ya kan kai wani wuri.

Akwai abubuwan da ba a jiran ranar ganin likita a kansu. Ciwon kai da ya faɗo lokaci guda da tsananin da ba ki taɓa ji ba kuma ya ƙi sauka, zazzaɓi da sanƙarewar wuya, raunin hannu ko ƙafa, karkacewar baki, harɗewar magana, gani biyu-biyu, dushewar gani ko ganin zobe kewaye da fitila alhali idon ya yi tauri yana ja, ƙuraje masu ruwa a goshi, ko baƙin bayan gida: kowanne daga ciki, a tafi sashen gaggawa a ranar.

In aka ɗora ki a kan lamotirijin, ki shirya haƙuri. Da ɗan kaɗan ake farawa, a riƙa ƙarawa bayan kowane mako biyu, saboda gaggawa na iya jawo mummunan ƙurji mai saɓule fata. Sauƙin kan ɗauki makonni. Ƙuraje, gyambon baki ko zazzaɓi a farkon shansa, ki koma asibiti ranar. Karbamazefin ma yana da wannan haɗari, jirin da ya sa ki kuwa sau da yawa ya kan ragu in an fara a hankali. Dukansu magungunan farfaɗiya ne a asali, kada wani ya karanta kwali ya ce miki ashe farfaɗiya gare ki. Ki gaya wa likita in kina shan ƙwayar tazarar haihuwa ko kina da ashana a hannu, ko kina neman ciki, domin karbamazefin na raunana su, wasu magungunan kuma ba su dace da mai juna biyu ba. In an gwada wannan da wancan ba a dace ba, akwai sauran hanyoyi, har da tiyatar raba jijiyar jini da jijiyar fuska ga wanda hoto ya nuna haka. Haɗin kemis kuwa ki yi bankwana da shi. Sukar da ke wucewa cikin minti ɗaya ta riga ta tafi kafin ƙwaya ta narke a ciki, kuma shan maganin ciwo kwana goma sha biyar ko fiye a wata, ko kwana goma in akwai tiramadol ko kodin, na haifar da nasa ciwon kan. In kina zargin akwai tiramadol a ciki, likita ne zai tsara miki yadda za ki sauka daga kansa. Kuma kada a sake cire miki haƙori sai likitan jijiya ya gan ki.

Kafin nan, ki sassauta wa kanki. Sanyin Jos da iskar hunturu ba sa raga wa mai irin wannan fuska, ki riƙa rufe ɓarin da mayafi mai kauri in za ki hau Keke, ki zauna inda iska ba ta bugun dama, ki kawar da fanka daga fuskarki. Ki gwada ruwan ɗumi a alwala. In duk da haka wanke fuska na tayar da shi, ki je wa malamin da ya san fiƙihu da bayanin likita, addini ya yi wa mara lafiya rangwame kuma shi zai nuna miki iyakarsa. In suka ta zo kina kan keken ɗinki ko kina riƙe da almakashi ko kina gaban mai a wuta, ki saki komai ki zauna.

Yanzu mutanen gidanki. Mama ba maƙiyiyarki ba ce, uwa ce da ta ga 'yarta na kuka sau talatin a wuni, asibiti ya cire haƙori biyu a banza, sai ta nemi dalili inda ta saba nema. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a ba sa karo da asibiti, ki ci gaba da azkar ɗinki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne hayaƙi a kan idon da ya riga ya yi ja, da ɗiga wani abu a ciki, da kuma tafiya gida a zauna watanni ana jiran jifa ta karye alhali ba a yi hoto ba. In kina son zuwa gida ki huta mako ɗaya ko biyu da yardar maigida, hutu na da amfani, amma ki tafi da littafinki da ranar ganin likita a hannu, kuma kowa ya san hutu kika je, ba yaji ba. Mafi kyau ma ki ɗauki Mama ku shiga wurin likitan tare, ta ji da kunnenta.

Amarya kuwa, ƙanwata, ba ki kawo hujja ko ɗaya a kanta ba sai cewa ta shigo kafin ciwon ya zo. Wannan ciwo na kama mutane a Norway da Indiya da Ingila, maza da matan da ba su taɓa jin kalmar kishiya ba. Na yarda damuwa da rashin barcin da ƙarin aure ke kawowa na iya sa kowane ciwo ya fi nauyi, amma ba su ne ke kunna jijiya ba, balle a ce mutum ne ya turo. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, ina kuma ga wanda ba a tabbatar ba. Ki tuna ita ma tana kwana a gidan da ake nuna ta da baki a kan abin da wataƙila ba ta san hawa ba balle sauka. Ban ce ku zama aminai ba. Ki mayar da gaisuwa, ki kuma roƙi yayyenki su daina ambaton sunanta a wannan magana, don ranar da likita ya faɗi sunan ciwon, ke ce za ki ci gaba da zama da ita, ba su ba.

Maigida ya kashe kuɗi, wannan shaida ce a gare shi. Fitar da yake yi tana miki ciwo, kuma kina da gaskiya, amma maza da yawa in suka ga abin da suka kasa gyarawa sai su gudu daga ganinsa, ga shi kuma tsakanin maganar mahaifiyarsa da ta surukarsa. Ki same shi ranar girkinki, lokacin da ciwon ya lafa, ba tare da kawo zancen amarya ko na Hajiya mahaifiyarsa ba. Ki nuna masa bidiyon, ki ce masa abu uku kike roƙo: ya raka ki Lamingo, ya tsaya a yi hoton, in kuma sukar ta zo yana nan, ya zauna ya riƙe miki agogo har ta wuce, minti ɗaya ne ko biyu. Mutumin da aka ba aikin yi ya fi iya zama. Hajiya kuma kada ki yi musu da ita, ki bar ɗanta ya kai mata bidiyon da takardar likita.

In kin cika mako biyun, ki sake rubuto min da abin da agogo ya nuna: mafi gajarta, mafi tsawo, da ko takan dawo nan take in kin sake taɓa girar. Allah ya ba ki lafiya, ya sanyaya gidanku.